Dodon Hoto a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adaka a wani gida na Isa ko Sabon Birni, watakila ya iske, ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardun haraji, wani ɗan ambulan da waɗansu baƙaƙen abubuwa sirara a ciki, gefensu da ƙananan huji a jere. In aka ɗaga ɗaya aka duba ta wajen hasken rana sai a ga mutane, amma kome nasu a juye: farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara, haƙora sun yi baƙi ƙirin. Wannan shi ne abin da Hausawa suka sa wa suna dodon hoto, kuma wanda ya dube shi sau ɗaya ba ya tambayar dalilin sunan. Yawancin mutane ba su ɗauke shi a bakin kome ba, sai su bar wa yara su yi wasa da shi. Alhali kuwa shi ne uwar hoto. Wanda ke rataye a bango ɗa ne kawai, in ya koɗe ko ya yage, muddin uwar tana nan ana iya sake fid da wani, ko sau ɗari ne.

Zamanin da babu hoto

Tarihin Gobir na dauri da baki aka riƙe shi, sai kuma abin da malamai suka rubuta. An san Bawa Jan Gwarzo ta kirarinsa da labarin yaƙoƙinsa, amma ba mahalukin da zai iya cewa ga kamanninsa. Haka Yunfa, wanda aka kashe ran da aka ci Alkalawa cikin 1808. Haka kuma Sarkin Gobir Ali, wanda ya faɗi a yaƙin Gawakuke cikin 1836, bayansa sauran Gobirawa suka ja arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Isa kuwa ribaɗi ce da aka tsayar don tsaron wannan gefe, sarautarta tana gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sabon Birni ya zo daga baya, sa'ad da Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya gina garinsa, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866.

Ana cikin waɗannan yaƙe-yaƙe a nan, can a ƙasar Turai waɗansu mutane suna ta fama da wani aiki dabam. Tun da daɗewa masana sun san cewa in haske ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa, yakan zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Malamin nan Ibn Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wannan a littafinsa na sanin gani. Abin da ya gagara shi ne tsai da siffar kada ta gushe. Cikin 1839, shekara uku bayan Gawakuke, aka yi shelar dabarar wani Bafaranshe mai suna Dager, wadda ke kama siffa a jikin farantin ƙarfe. Amma hotonsa guda ɗaya ne tak, ba ya haihuwa. Wani mutumin Ingila, Talbot, shi ya fito da hanyar yin dodo tukuna, sa'an nan a riƙa buga hotuna daga gare shi, ya yi mata rajista cikin 1841. Cikin 1851 aka koma yin dodon a jikin gilashi, sai dai dole a shafa maganin, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa ga matafiyi a zafin Gobir. Saboda haka da Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Sansanin Isa cikin bazarar 1853 za shi wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, littafi da fensir kaɗai ne makamansa.

Hoto ya zo tare da iyaka

Bayan 1871 aka sami busasshen gilashi wanda ake iya ajiyewa watanni, a ɗauki hoto yau a wanke wani lokaci. Da irin wannan ne akwatin hoto ya shigo ƙasar Hausa, bisa kan 'yan alaro, bayan sojan Turawa. Ingilishi suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, Faransawa kuwa sun riga sun kama Damagaram tun 1899. Da fari, bisa ga yarjejeniyar 1898, an ɗora tsinin ma'auni a kan Sakkwato an zana da'ira mai nisan mil ɗari, aka ce ita ce iyaka. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanyar da ba rijiyoyi, aka sake shiri cikin 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa daga Kwara har Tabkin Cadi suna kafa alamu, guda 148. Wannan iyaka ce ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna wajen Ingilishi.

Tare da Tilho akwai wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya ji Hausa ƙwarai. Ya zauna da fadawa da dattawa ya rubuta tarihin Gobir da Maraɗi daga bakinsu, aka buga a Faris cikin 1911, a cikin manyan littattafan rahoton tafiyar, waɗanda ke ɗauke da taswirori da hotuna. To, a nan ne aka soma wata al'ada wadda ta daɗe: baƙo ya zo ya ɗauki hoto, ya tafi da dodon ƙasarsu, mutumin da aka ɗauka ko da ɗan bai gani ba. Shi ya sa mai neman tsofaffin hotunan wannan yanki yakan fi samunsu a Faris da London bisa ga Sakkwato.

Ƙaramar kyamara mai ma'aunin nisa

Gilashi yana da nauyi, ga shi da saurin fashewa. Wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da Kodak cikin 1888, akwati ɗan ƙarami mai naɗaɗɗen fim a ciki wanda ke ɗaukar hoto ɗari. Sa'an nan wani Bajamushe, Oskar Barnack, ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya yi masa 'yar kyamara da za ta shiga aljihu. Ita ce Leica, wadda ta shiga kasuwa cikin 1925. Cikin 1932 aka ƙara mata ma'aunin nisa, a shekarar kuma Contax ta fito. Cikin 1934 Kodak ya soma sayar da fim ɗin a cikin ɗan gwangwani, yadda ana iya sa shi a kyamara da rana tsaka.

Yadda ma'aunin ke aiki ba wuya. Mutum yana gane nisan abu ne domin idonsa biyu ne, kowanne yana hango abin ta gefensa. Haka kyamarar take da 'yan tagogi biyu a goshinta. Mai ɗauka in ya leƙa sai ya ga abin da yake nufi ya rabu biyu a tsakiya. Sai ya yi ta murɗa gilashin gaba har siffofin nan biyu su haɗu su zama ɗaya, to, nisa ya daidaita ke nan. Irin wannan kyamara ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, ana iya ɗaukar mahayi yana sukuwa ko 'yan kokawa suna tsakiyar fage. Aibinta guda: tagar da ake leƙawa dabam take da idon da ke ɗaukar hoton, saboda haka in an matso kusa ainun, wanda bai ƙware ba yakan yanke wa mutum rawani.

Da irinta ne Razdan da Di'o da likitoci da malaman gona suka riƙa yawon rangadi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda cikin 1929, daga nan hanya ta bi ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni, kayan kanti suka soma shigowa da sauƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya cikin 1939, ta saba wa mutane da ganin sarakunansu a takarda. Daga baya masu araha suka fito, irin su Canonet cikin 1961 da Yashica Electro 35 cikin 1966, da Zorki ta ƙasar Rasha, har malamin makaranta ya iya tara kuɗi ya sayi tasa.

Masu hoto na gari

Abin da ya kai talaka gaban kyamara yawanci larura ce: fasfo na zuwa Makka, takardar shaidar gama makaranta, lasin na tuƙin mota, katin shaida na tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa. Da ya saba, sai ya soma zuwa don kansa, ran salla, ko ran ɗaurin aure, ko ran da ya sayi sabon keke. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a garuruwan Arewa da na Nijar Yarabawa ne, waɗanda suka koyo ta a ƙasarsu suka bazu da ita Afirka ta Yamma. A Gobir wannan ya zo daidai, gama tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun na kakanni, ba a rasa ba'a kafin a ce a tsaya cik.

Mai hoto na wancan zamani shi ne mai ɗauka, shi ne mai wanki. Da dare sai ya toshe kafofin ɗaki, ya tsoma fim cikin ruwan magani na fari wanda ke fid da siffa, sa'an nan na biyu wanda ke tsai da ita, ya ɗauraye, ya rataye ya bushe. Baƙin da ake gani a jikin dodo azurfa ce tsantsa, ƙanana ƙanana, a cikin wani irin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Inda haske ya bugi fim da ƙarfi, nan azurfar ta fi yin baƙi, shi ya sa kome ke fitowa a juye. Mai hoto yakan ajiye dodanninsa, ba don tarihi ba, don dai wata rana mai shi ya dawo neman ƙari a sake cin kuɗinsa. Ta haka, ba da niyya ba, kwalayensa suka zama rumbun fuskokin gari.

Da hoto mai launi ya yawaita daga wajen 1980, sai sana'ar ta sake. Injin wankinsa yana da tsada, sai manyan birane. Mai hoto ya koma mai ɗauka kawai, ya aika da fim a mota, a wanko a datsa dodon huɗu huɗu a sako cikin ambulan. Bayan shekara ta 2000 kyamara marar fim ta zo, wayar hannu ta biyo ta. Kodak kansa, wanda wani injiniyansa ne ya ƙera kyamara marar fim ta fari cikin 1975, sai da ya kai ƙarar karayar arziki cikin 2012. Gidajen wanki suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kwalayen dodanni suka koma zaure ko bayan ɗaki.

Yanka da kwafewa

Dodo yana da maƙiya. Fim na farko, wanda aka daina yi wajen 1951, yana kama wuta kamar albarushi. Wanda ya gaje shi ba ya ƙonewa haka, amma in zafi da laima suka haɗu a kansa sai ya soma warin tsami, ya tattare, ya dagule, ya kuma harbi na kusa da shi. Funfuna tana cin danƙon da damina, ƙurar hunturu tana karce shi, gara tana cinye ambulan da sunan da ke kai. Maganin da masana suka samo shi ne a kwafe siffar a sa ta a kwamfuta tun abin bai lalace ba. An fara irin wannan kwafi a Amurka cikin 1957, da wani ɗan hoton jariri mai ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance.

Aikin yana farawa da almakashi. Fim mai hoto 36 ya ɗara mita ɗaya da rabi, ba ya shiga na'ura sai an datsa. Kowane hoto tsawonsa milimita 36, faɗinsa 24, da huji takwas a kowane gefe, tsakaninsa da na gaba kuwa kamar milimita biyu ne kawai. A cikin wannan ɗan siririn fili almakashi zai bi. Tsofaffin kyamarori masu ma'aunin nisa sun fi sa mai yanka gumi, domin ta yiwu abin jan fim ya sassauta da tsufa har tazara ta ƙi daidaita, ta yiwu kuma gilashi mai faɗin gani, da yake yana kusa da fim ƙwarai, ya watsa haske ya ci wani abu daga filin. Hoton dare ma gefensa ba ya rarrabuwa da filin, sai a ƙirga huji. Saboda haka ƙwararre yakan sa safar hannu, ya ɗora fim bisa gilashi mai fitila a ƙarƙashi, ya datsa shida shida, ya zura kowane yanki a rigarsa ta takarda, ya rubuta lamba. Wanda ya yi gaggawa ya datse kafaɗar wani, ba ta ɗinkuwa.

Sa'an nan a hure ƙura, a sa yankin a na'urar da ake kira sikana. Ita kuwa tana haska fitila ta cikinsa, tana auna hasken ɗigo ɗigo. In an sa ta ɗigo 4,000 a kowane inci, hoto ɗaya yakan ba da ɗigo wajen miliyan 21. Kwamfuta ta juya baƙi ya koma fari. A nan ake ganin fifikon uwa bisa ɗa: abin da ya ɓace a ƙaramin hoton takarda, kamar aikin allura a wuyan riga, ko lambar mota, ko rubutun allon da ke bayan mutum, sau da yawa yana nan a dodo.

Akwai kuskure ɗaya da ya shafi Gobir musamman. Dodo yana da fuska biyu, mai sheƙi da marar sheƙi. In mai sheƙin tana duban mutum, rubutun da ke gefen fim yana karantuwa daidai, to, haka hoton yake. In aka kifa shi aka kwafa, dama ta koma hagu. Ga wani hoto wannan ba kome ba ne. Amma tsagen Gobirawa shida ne a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kuma yanzu an rage yi wa yara. Mai kwafi in ya yi sakaci, sai ya bar wa jikoki shaidar ƙarya game da fuskar kakansu. Don haka ake so a kwafe har da gefen fim, da hujinsa da lambobinsa.

Abin da aka gani a waɗansu ƙasashe

Cikin 1991 aka nuna waɗansu hotuna na Bamako a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Da aka bi sawu sai aka iske mai su, Seydou Keita, yana nan da ransa, da dodanninsa dubbai a adane. Daga cikinsu aka buga manyan hotunan da suka sa duniya ta san shi. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibe ya sami babbar lambar girma a Benis ta ƙasar Italiya cikin 2007. A Kamaru, da taimakon shirin ceton tsofaffin takardu wanda Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya fara cikin 2004, an kwafe dodanni fiye da 40,000 na mai hoto guda, Jacques Touselle, na garin Mbuda.

Ko daga sama ma dodo ya ba da shaida. Masana sun ɗauki hotunan da jirgin sama ya yi wa kudancin Nijar cikin 1975, suka gwada su da na tauraron ɗan'adam na bayan shekara talatin. Sai suka ga gonakin Maraɗi da Damagaram sun fi yawan itatuwa bisa ga da, domin manoma sun koma barin tsiron gawo da sauransu su tashi. Aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan biyar. Da an zubar da tsofaffin hotunan, ba abin da za a gwada da shi.

Abin da ke gaban Gobir

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a Isa da Sabon Birni sananne ne. Cikin 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar. A ƙarshen watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa. A wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka tsallaka daga wannan sashe na Nijeriya zuwa Nijar sun haura 60,000, yawancinsu a jihar Maraɗi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka. Waya ma ba ma'aji ba ce, ana ƙwace ta, tana faɗawa ruwa, kuma cikin Satumba na 2021 an yanke layin waya a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na Jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu.

Wuraren ajiya suna nan. Akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa cikin 1970, akwai kuma ma'ajin takardun gwamnati a can. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hukuma ba: sikana ɗaya, da kwamfuta, da samari biyu da aka koya wa aikin, da yardar magadan masu hoto, waɗanda haƙƙin abin yake hannunsu. A ware dodon da ya soma tsami daga sauran. A ajiye kwafi a gari fiye da ɗaya, a mayar wa masu shi da nasu. Kada kuma a jefar da dodo don an kwafe shi, gama na'urar gobe za ta ga abin da ta yau ba ta gani ba.

Aikin da ya fi duka gaggawa kuwa ba na na'ura ba ne. Dodo da aka ajiye wuri mai sanyi marar laima yana iya jiran shekaru, amma tsohuwar da za ta dubi hoto ta ce wannan wane ne ɗan wane, an ɗauke shi shekarar da gulbi ya ci gonaki, ita ba ta jira. Kamar yadda Landeroin ya zauna gaban dattawan Gobir da alƙalami, haka ya kamata mai kwafi ya ɗauki hotunan ya bi su Tsibiri, da Gidan Rumji, da unguwannin Sakkwato inda 'yan gudun hijira suka sauka, ya rubuta suna, da gari, da shekara, a bayan kowane ɗaya.